Ma'ana Ɗari da Tara

"Na ce ki ajiye tsumman nan, Irja! Kurma ce ke?"

"Ɗaga ƙafarki, Yaya. Kin taka inda na goge."

"Ba zan ɗaga ba. Fitsarin nan shi ne shaidarki, ke kuma kin durƙusa kina wanke shi da sabulu. Wa ya taɓa ganin haka? Mutum zai shiga kotu, ya fara da korar mai ba shi shaida!"

Irja ba ta ɗago kai ba. Tana durƙushe a ƙofar banɗaki, gwiwa ɗaya a kan matashi, ɗaya ƙafar a miƙe gefe kamar aro ta yi, don kwatangwalonta na hagu ya daina lanƙwasuwa tun bara. Shekararta saba'in da shida. Yayarta Terttu, wadda ta girme ta da shekara biyar, ta taso daga ƙauye a motar safe musamman don ta hana ta wannan aikin. Sai ta iske an riga an wanke labule, an kakkaɓe dardumomi a kan dusar ƙanƙara, ga burodin pulla ya fito daga wuta, ƙamshin kirfa ya cika gidan.

"Baƙuwa ta shigo gidana ta tarar da zarni?" in ji Irja. "Sai dai bayan raina."

"Wace baƙuwa? Ma'aikaciya ce! Zarnin ta zo shaƙa. Albashi ake biyan ta ta shaƙa."

Ga yadda maganar take. Da ƙarfe ɗaya na rana wata ma'aikaciyar hukumar kula da tsofaffi za ta zo ta duba Aulis, mijin Irja, ta rubuta ko ya cancanci gado a gidan tsofaffi. Gado uku ne suka faɗo a watan nan, masu nema sun haura arba'in. Ita kuwa Irja ranar Litinin mai zuwa za a yi mata tiyata a sa mata sabon kwatangwalo. Sau biyu tana ɗage aikin don babu inda za ta ajiye mijin. Likita ya gaya mata ɓaro-ɓaro cewa in ta ɗage na uku, sunanta zai koma ƙarshen layi, shekara ɗaya da rabi ke nan, in ƙafar ta kai. Bayan aikin kuma sai ta yi sati shida ba ta ɗaga ko tukunya ba, balle ƙaton namiji. Haihuwa Allah bai ba su ba. Terttu kuwa zuciyarta da batir take aiki, hawan benen nan ma sai da ta huta sau uku.

"Ina tukunyar da ya ƙona?" in ji Terttu.

"Na zubar."

"Kin zubar. Madalla. Murfin kabad ɗin da ya ɓalle fa?"

"An gyara jiya."

"Sannu da ƙoƙari. To za ki gaya mata ranar da masu kamun kifi suka tsinto shi a tsakiyar tafkin da ya daskare, da silifas, wai makaranta yake nema? Za ki gaya mata ya ci rabin sabulu? Za ki gaya mata rabonki da barcin awa uku a jere tun kafin Kirsimeti? Naɗe hannun rigarki in gani."

"Ki ƙyale ni."

Terttu ta sunkuya ta naɗe da kanta. Shatin yatsu huɗu ne a damtsen, sun yi baƙi, gefensu ya fara komawa ruwan ɗorawa.

"Bai san ni ce ba," in ji Irja, ta ja hannun rigar ta rufe.

"To ai shi ne abin da za ki gaya mata, sakarya! Ni zan zauna. In bakinki ya ƙi buɗewa, nawa a buɗe yake tun ran da aka haife ni."

Nan ne Irja ta dafa bango ta miƙe, da kyar, tana cije leɓe. "Ba za ki zauna ba. Na san ki. A gabansa za ki zazzage komai, yana zaune yana ji. Mutumin da ya koyar da rabin garin nan. Ni zan gaya mata, a hankali, yadda ya kamata. Motarki sha biyu da minti goma ce."

"Korata kike yi?"

"Gidana ne, Yaya."

Terttu ta yi tsaki, ta sa rigar sanyinta a karkace, tana faɗin wanda ya ɓoye ciwonsa ciwon ne zai ɓoye shi. Duk da haka sai da Irja ta ƙunshe mata pulla huɗu a takarda, ita ma sai da ta karɓa. Faɗa daban, burodi daban.

Aulis Rissanen yana zaune a ɗakin karatunsa da rigar barci, yana kallon bango. Wanda bai san shi da can ba zai ce tsoho ne kamar kowane tsoho. Mu da muka san shi mun san malamin Turanci ne a babbar sakandaren garinmu Iisalmi, shekara talatin da huɗu, mutumin da in ya doso ko kare sai ya gyara tsayuwa. A tsakiyar wannan koyarwar ne wani kamfanin buga littattafai na Helsinki ya raba wa malamai aikin babban ƙamus, daga Turanci zuwa harshenmu na Finland, kowa da harafinsa. Aulis ya sami S. A cikin S ɗin nan akwai wata 'yar kalma, wai ita set, haruffa uku kacal, ba ta kai tsawon ƙwayar wake ba. Ita ta ci masa shekara biyu. Kowace ma'ana da katinta, kowane kati da kalmarmu da ta dace da misalinta, har suka cika kwalin takalmi biyu. Ma'ana ɗari da tara ya ƙirga mata. Kamfanin suka ce sittin za su buga, takarda da tsada, ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwar kowa. A sauna, ɗakin wankan tururi na mata na ranar Alhamis, inda ake wanke jiki haɗe da mutuncin maƙwabta, an sha cewa wasu 'ya'ya suke haifa, su Irja kuwa kwalin takalmi suka haifa, tagwaye.

Shekara huɗu ke nan da ciwon mantuwa ya shiga kansa, yana kwashe kaya ɗaki bayan ɗaki kamar masu tashi daga gidan haya. Sunan titi ya fara tafiya, sai amfanin cokali, sai hanyar banɗaki. Bara ya zo kan Irja. Yanzu a ganinsa mai shara ce da makaranta ta turo masa. Yana yi mata ladabi, ba laifi, sai in ta zo da reza ko tawul.

"Baiwar Allah," ya ce da ya gan ta a bakin ƙofa, "matata ba ta dawo ba?"

"Ta kusa."

Ta ajiye kwanon ruwan ɗumi da reza. Yana ganin rezar ya dunƙule hannu, idonsa ya canza. Irja ta ja da baya taki ɗaya. Dabara ɗaya ta rage mata wadda ba ta taɓa ƙin ci ba, ita ta ɗauko.

"Malam, yau sufeto zai zo duba makaranta."

Nan take ya miƙe zaune sosai. "Yau? Me ya sa ba a sanar da ni da wuri ba?" Ya miƙo haɓa da kansa. Ta aske shi tas, ta sa masa kunzugun manya yana kallon silin kamar ba jikinsa ake taɓawa ba, ta sa masa farar riga da baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, ta ɗaura masa laktaye. Da ta taje masa furfura sai ta ja baya ta dube shi. Ya yi kyau. Ya yi kyau fiye da yadda ya kamata.

Ƙarfe ɗaya daidai aka danna ƙararrawa. Yarinya ce, ba za ta wuce ashirin da takwas ba, da ɗan ƙarfe a hanci da 'yar kwamfuta a hammata. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, wannan kam an koya mata.

"Sannu, Irja. Sunana Miisa. Sannu, Aulis."

Yaran yanzu ke nan, sunanka gatsal, kamar tare kuka yi wasan ƙasa. Aulis bai damu ba. Ya rusuna, ya karɓi rigar sanyinta ya rataye a maratayi, abin da ya shekara bai yi daidai ba, ya ja mata kujera.

Teburin kuwa sai wanda ya gani. Kayan toye-toye na ci da kofi kala bakwai, yadda iyayenmu suka koya mana, da kofunan nan masu bakin zinariya na ranar aurensu.

"A zuba kofi?" in ji Irja.

"Ai kuwa zan sha. Tun safe ban sa komai a bakina ba."

A tayin farko! Mu a zamaninmu sai an yi maka tayi uku kana cewa kada a wahala, kana haɗiyar yawu. Miisa ta cinye pulla ɗaya ta ɗauki na biyu, ta buɗe kwamfutarta.

"Gidanki kamar ba a zaune a ciki, Irja. Ke kika yi duk wannan?"

"'Yar shara ce kawai."

"To, zan yi tambayoyi, ki amsa min yadda abin yake. Yana wanka da kansa?"

Irja ta dubi Aulis. Yana zaune ƙyam, ya ɗora hannu biyu a kan tebur, yana murmushin da yake yi wa manyan baƙi.

"Ina ɗan taimaka masa."

"Banɗaki fa?"

Ta buɗe baki. Ta yaya za a faɗi wannan a kan teburin kofi, mutum yana sanye da laktaye? "Ba laifi."

"Yana sa kunzugu?"

"Sai in za mu yi tafiya mai nisa."

"Yana fita shi kaɗai? Ya taɓa ɓata?"

"Yana son shan iska. Tun da can mai son tafiyar ƙasa ne."

"Ya taɓa ɗaga miki hannu?"

Irja ta gyara hannun rigarta. "Aulis? Ko ƙuda sai ya buɗe masa taga."

Miisa ta juya wajen tsohon. "Aulis, yanzu kai zan tambaya. Yau wace rana ce?"

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma idon ya shiga yawo, daga bango zuwa taga, daga taga zuwa kofi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Leɓensa na ƙasa ya fara rawa kamar na ɗalibin da aka tsayar a gaban allo. Irja ta san abin da ya kamata ta yi: ta zauna shiru ta bar shi ya nutse, nutsewar tasa ita ce gadon. Ta ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuciyarta. Kafin huɗu hannunta ya riga ya tura jaridar safe kusa da farantinsa, ɗan yatsa a kan kwanan wata.

"Alhamis, sha uku ga Fabrairu," in ji Aulis.

"Wane gari muke?"

"Kai da ka koyar a Iisalmi shekara talatin da huɗu, wai a tambaye ka gari!" Irja ta yi 'yar dariya.

"Irja, don Allah ki bari ya amsa da kansa."

Miisa ta faɗa masa kalma uku, ta ce ya riƙe, za ta tambaye shi an jima. Da an jiman ta zo ko ɗaya bai kawo ba. Ta ba shi takarda ya zana agogo, ya tara lambobin duka a gefe ɗaya kamar tumaki a lokacin ruwa. Yarinyar ta daɗe tana rubutu. Irja ta ji wani sanyi-sanyi ya sauko mata, na murna, nan take kuma kunyar murnar ta biyo baya. Ta miƙe ta ƙara wa kowa kofi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an sami gadon. Sai Aulis ya ture takardar agogon ya tashi.

"Waɗannan wasan yara ne. Sufeto za ta so ta ga ainihin aikin."

Ya shiga ɗakin karatu, bai ɓata hanya ba, ya dawo rungume da kwalin takalmi biyu. Ya ajiye a tsakanin farantai, ya buɗe murfi, ya shafa kan katunan. Bai zaro ko ɗaya ba. Ba ya bukata.

"Set," ya ce, da wata murya da Irja ta shekara ba ta ji ba. "Turawan Ingila marowata ne, doki ɗaya tal suke ɗora wa kayan gari duka. Mu kuwa kowane kaya da dokinsa. Ta ɗaya, asettaa, kamar a ajiye fitila a kan tebur. Ta biyu, kattaa, kamar a shirya tebur don baƙi, irin yadda baiwar Allahn nan ta yi. Ta uku, laskea, rana ce ta faɗi. Kada ki haɗa ta da ta huɗu, ɗalibai a nan suke faɗuwa."

Miisa ta ajiye pulla.

Ya ci gaba. Wadda ake cewa in romo ya daskare, da wadda ake cewa in karyayyen ƙashi ya haɗe. Ta ɗana tarko, ta saita agogo, ta jera haruffa a maɗaba'a, ta kwantar da kaza a kan ƙwai. Kowace da kalmarta, kowace da misalinta, ba gargada, ba maimaici. Yana ɗaga yatsa, yana jan kunne, har da barkwanci. Ni dai Turanci bai taɓa zama a kaina ba, amma bangon benenmu ba ya riƙe sirri, kuma ko wanda bai san kan zance ba ya san muryar mutumin da ya san abin da yake faɗa.

Yarinyar ta zaro wayarta ta latsa. "Tawa ma'ana ashirin da shida ta ba ni."

"Wayarki ba ta yi shekara biyu a kai ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Tsaya, ƙamus ɗin nan mai koren bango? Kakata tana da shi! A kansa ake zaunar da ni in kai tebur."

"Wannan ma amfani ne," in ji Aulis. "Wasu ko haka ba su amfana da shi ba. Ta sha tara."

Irja ta kwashi farantai ta shiga kicin, ta tsaya a gaban famfo ba ta kunna ba. Muryarsa tana biyo ta. Wannan muryar ce ta aura. Da wannan muryar ya tare ta a bakin wurin rawa shekara hamsin da uku da suka wuce, ya gyara mata wata kalma da ta faɗa ba daidai ba, ta ce a ranta wannan ɗan rainin hankalin sai ta ga bayansa. Tana so ya yi shiru. Tana so kada ya taɓa yin shiru.

Ba a daɗe ba Miisa ta biyo ta, ta tura ƙofar kicin ta rufe. Yarinyar ba wawuya ba ce, wannan kam a faɗi gaskiya.

"Irja, yanzu mu biyu ne, ba ya ji. Gwajinsa bai yi kyau ba, na gani. Amma gadajen nan uku ba da gwaji kaɗai ake ba da su ba. Wanda gidansa ya gaza ake fara ba. Jiya na shiga wani gida, matar tana zaune a ƙasa tana kuka, mijin ko wando babu. Don haka ki gaya min gaskiya. Kina iyawa?"

Ga ƙofa a buɗe, har an shimfiɗa mata darduma. Maganar ta taso wa Irja tun daga ciki: tafki, sabulu, damtse, zanin gado uku a rana, kujerar da take jinginawa a ƙofar gida don in ya ture ta ji. Ta taso har maƙogwaro. A nan ta ci karo da uwarta, da kakarta, da duk matan da suka binne maza suka koma tatsar shanu a ranar. Mutumin ƙasar nan ka tsamo shi daga ramin ƙanƙara haƙoransa na kaɗawa, ka ce yaya, sai ya ce ba laifi, ruwan ma bai kai sanyin na bara ba.

"Muna lallaɓawa," in ji Irja. "Waccan matar ta fi mu bukata."

Miisa ta daɗe tana kallon ta. "Ranar Litinin fa? Na ga a takarda za a yi miki aiki. Wa zai zauna da shi?"

"Akwai 'yar'uwa."

"Za ta iya?"

"Ƙarfi gare ta kamar doki."

Suka koma tebur. Aulis yana kan ta ashirin da bakwai, bai ma lura an fita ba, kujerar yake wa bayani. Miisa ta yi rubutu na ɗan lokaci, sannan ta juyo da kwamfutar.

"Bari in karanta miki, in da gyara ki faɗa. Gida cikin tsafta da tsari. Majiyyaci a tsaftace, cikin nutsuwa, yana doguwar hira mai ma'ana a kan sana'arsa. Ba ya ɓata, ba ya faɗa. Mai kula da shi ta ce tana iyawa, akwai taimakon dangi lokacin tiyata. Ba na gaggawa ba ne. Nas za ta riƙa leƙowa sau biyu a sati saboda magani. A sake dubawa nan da wata shida." Ta ɗago. "Haka ne?"

Wata shida. Irja ta ji kwatangwalon ya amsa tun daga ƙugu har diddige.

"Haka ne," ta ce. "Mun gode ƙwarai. A ƙara kofi?"

Miisa ta fara haɗa kayanta. Tana miƙa hannu za ta ɗauki waya, sai Aulis ya dafa hannun. Ya tsaya da lissafinsa, ya ƙura mata ido, fuskarsa ta yi wani irin laushi.

"Irja," ya ce wa yarinyar. "Ashe ke ce. Ina kika shige haka? Kullum sai na tambaya." Ya juyo wajen matarsa ta shekara hamsin da biyu. "Baiwar Allah, ki kawo wa matata kofi mai zafi, daga tafiya take."

Miisa ta daskare, hannunta a cikin nasa. Ta dubi Irja. "Yana yin haka?"

"Wasa yake yi," in ji Irja. "Mai barkwanci ne."

Ta ji maganar da kunnenta kamar wata ce ta faɗa. A nan ta gane. Ko yarinyar nan za ta kwana tana tambaya, ko za a kawo Littafi Mai Tsarki a ɗora mata hannu, bakin nan nata ba zai taɓa faɗa ba. Ba a yi shi don haka ba. Zai ci gaba da godiya yana tayin kofi har ranar da za a tsinci ɗayansu a ƙasan banɗaki, ɗayan a kan tafki.

Ta ajiye butar kofin a hankali. Ta fita zaure, ta zauna a kan ɗan benci ta sa takalman sanyi, na hagu sai da ta ja shi da ƙugiyar sanda. Ta sa riga, ta ɗaura ɗankwali. Ta buɗe kabad ta ɗauko jakar da ta haɗa don asibiti.

"Ta talatin da biyu," in ji Aulis daga ciki, ya koma kan aikinsa, amma bai saki hannun ba.

"Irja?" Miisa ta leƙo iya inda hannunta ya bar ta. "Ina za ki?"

"Wajen yayata. Akwai motar ƙarfe uku. Daga can zan wuce asibiti ran Litinin."

"Ban gane ba. Wa zai zauna da shi?"

"Ma'anonin ɗari da tara ne, 'yar nan. In ya kai ƙarshe, farko yake komawa. Kunzugunsa na ƙarƙashin gado, bayan bargo, ƙunshi huɗu. Wanda ke jikinsa tun sha biyu ne, ya kusa cika. In za ki canza masa, kada ki tsaya ta damansa, da ita yake kamu. Maganin yamma na cikin gwangwanin sukari na sama, in ya gani a fili shanyewa yake duka. Ki jingina kujera a ƙofa."

"Irja, tsaya! Ina da gida uku a gabana! Ba zan iya tafiya in bar shi shi kaɗai ba, doka ba ta yarda ba. Sai dai in kira a nemo masa gadon gaggawa yau ɗin nan!"

"Na sani."

Ta dawo har bakin teburin, tana jan ƙafa. Laktayen ya ɗan karkace, ta gyara masa. Ta share ɓurɓushin pulla daga haɓarsa da babban yatsa, yatsan ya ɗan daɗe a wurin fiye da yadda ɓurɓushin yake bukata. Aulis ya ɗago ya dube ta da fara'a.

"An tashi aiki, baiwar Allah? Kin yi ƙoƙari yau. Ki gaida gida."

"Za su ji, Malam."

"Irja, don Allah, minti biyar, mu sake cike takardar!"

"Ki cike. Yanzu kin fi ni sanin amsa."

Ta rataya jaka, ta ɗauki sanda. Shekara ashirin da shida tana zaune a benen nan, ko tarinta ba wanda ya taɓa ji, ƙofarta kuwa da hannu biyu take mayar da ita kamar mai kwantar da jariri. Ranar nan ta fita, ta kama marikin, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta maka ta, garam, har maƙwabciyar hawa na biyar sai da ta leƙo.